Ƙanena, ga amsarka kan injin shara

Assalamu alaikum ƙanena. Da fatan kuna lafiya, ya jikin Hajiya, ya kuma shirye-shiryen tafiya? Saƙonka na murya ya shigo tun Talata, aikin dare nake yi a makon nan shi ya sa sai yau na samu zama. Tambayarka uku ce in ban manta ba: mene ne abin nan mai kama da sanda da ka gani a hannuna ranar da muke waya ta bidiyo, nawa ne kuɗinsa, sannan ka sa shi a lissafi ko kuwa ka bi maganar Hajiya ka cusa tsintsiya biyu a akwati. Na kuma ji dariyar da kuke ƙyaƙyatawa kai da Auta, wai yau ga Yaya da shara. Ku yi abarku. Satumba dai na nan tafe.

Injin shara ne, nawa mai batir ne, ba ya jan waya. Mutanen nan huba suke ce wa kowane iri, daga sunan kamfanin Hoover na Amurka, kamar yadda a wurinmu kowane garin sabulu Omo ne, kowane dunƙulen miya Maggi. Kafin in ce saya ko kar ka saya, fara sanin inda za ka taka tukuna. A gidanmu siminti ne da tayil, ɗakin Hajiya leda. Ƙura da ido ake ganinta, balle in hunturu ya kama, a share, a kwashe, a bi da tsumma, an gama. Yawancin gidajen haya a Ingila kafet ne daga bango zuwa bango, an kafe shi da ƙasa, ba irin wanda za ka naɗe ka fitar ka kakkaɓe ba, har matakalar bene shi ne. Daga Oktoba zuwa wajen Afrilu taga a rufe take, hita na aiki. Ƙurar kuma ba iska ce ke kawo ta ba, daga jikinka take fita: zaren riga da na bargo, gashi, ɓurɓushin burodi, ga lakar da takalmi ya kwaso a ruwan saman da ba ya ƙarewa. Sai ta nutse cikin kafet ta yi lamo. Ka sa mata tsintsiya, ta tashi sama, ta jira ka gama, ta koma mazauninta.

Shekarata ta farko a Mancesta ban san haka ba. Ka san yadda muka tashi, ni da kai ba mu riƙe tsintsiya sai in Baba ya sa mu sharar ƙofar gida ana gobe salla. 'Yan mata na nan, almajirin Hajiya na nan. Na zo ina ganin ɗakina fes, ashe ido ne kawai bai gani. Kullum da asuba sai atishawa, ina ɗora wa sanyi laifi, har ranar da na ɗaga sallaya na ga launin kafet ɗin da ke ƙarƙashinta daban, na sauran ɗakin daban. Kunya ta kama ni, ga shi ni kaɗai ne a ɗakin.

Abin bai tsaya a atishawa ba, sai da ya taɓa aljihu. Idan ka kama haya a nan za ka ba da kuɗin ajiya, wanda dokar 2019 ta ce a haya irin tamu kada ya wuce kuɗin mako 5, kuma dole mai gida ya kai shi ɗaya daga cikin hukumomin ajiya da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30. Ranar da za ka tashi, za a gwada yadda ka bar ɗakin da yadda ka same shi, kuma babu abin da ake yawan rigima a kansa irin tsafta. Ni mai gidana na farko ya zaftari wani abu daga kuɗina, ya ce na wankin kafet ne. Ban da bakin magana, don ban ɗauki hoto ko ɗaya ba ranar da na shiga. Kai kam kafin ka buɗe akwati, ka zagaya ɗakin da wayarka, kowace kusurwa, kowane tabo, ka tura wa mai gidan ko ejansa a ranar.

To, inji kam sai da shi. Abin tambaya shi ne wane iri, kuma wa zai biya.

Mai waya ya fi arha, ya fi juriya, kuma ba ya gajiya. Akwai wani ja mai fuskar murmushi da ake kira Henry, kamfanin Numatic ke yin sa a Somerset, shi za ka riƙa cin karo da shi a ofisoshi da makarantu da gidajen ɗalibai. In Allah ya sa ka taɓa aikin share ofis da yamma, kamar yadda da yawanmu muka taɓa, za ku saba sosai. Jakar cikinsa na ɗaukar lita 6 zuwa 9, wayarsa mita 10, kuɗinsa wajen fam 150. Amma nauyinsa ya kusa kilo 8, kuma a ƙarƙashin bene ake ajiye shi. Sai ka sauko, ka jawo shi, ka hau da shi, ka warware waya, ka nemi soket, ka gama ka naɗe, ka mayar. Mutumin da ya dawo daga lacca ya wuce aiki ya shigo gida a gajiye ba zai yi duk wannan don ƙwayar shinkafa goma ba. Zai ce sai Asabar, in Asabar ta zo ya ce sai ta sama.

Nan ne mai batir ya yi zarra, ba wai don ya fi ƙarfi ba. Nauyinsa kilo 2 da rabi zuwa 3 ne, yana rataye a bango bayan ƙofa yana shan caji. Ka ci abinci ya zube, ka miƙa hannu ka ciro shi, minti 2 ka mayar. Ka cire dogon bututun ya zama ɗan ƙarami, ka bi katifa da kujera da lungun taga da matakala. Ni tun da na saye shi ban ƙara yin abin da ake kira ranar shara ba, kullum ɗan kaɗan ne, kafin in shimfiɗa sallaya ko bayan yara sun yi wa falo ruwan biskit. Antinka ma ta daina yi min gori. Aikinsa ba wani sihiri ba ne: ƙaramin moto ne ke juyawa da gudu yana zuƙo iska, buroshin da ke bakinsa na tono dattin daga cikin kafet, iskar ta yi ta juyi kamar guguwa a cikin wani kofi na roba, datti ya faɗo ƙasa, abin da ya rage filta ta tare. Wani Bature ɗan ƙasar nan, James Dyson, shi ya yi suna da wannan dabara ta inji marar jaka, ya fitar da nasa a Birtaniya a 1993, a 2018 kuma ya ce kamfaninsa ya daina ƙirƙiro sababbin masu waya. Daga nan za ka gane inda kasuwar ta dosa.

Sai dai kada rubutun kwali ya ruɗe ka. In ka ga an rubuta minti 40 ko 60, a giya mafi ƙanƙanta ake nufi. Ka sa shi a mafi ƙarfi, wadda ita ce kafet mai kauri ke so, minti 7 zuwa 10 ya mutu, sannan ya nemi awa 3 zuwa 5 a caji. Kofin kuma bai fi rabin lita da ɗan wani abu ba, kusan kullum sai ka juye. Ga ɗaki ɗaya na ɗalibi wannan ya isa har ya yi saura. Ga gida mai hawa biyu da yara uku kuwa, kana tsakiyar falo zai yi maka shiru.

Kuɗi: akwai na ƙasa da fam 100 a shagon Argos, shagunan Lidl da Aldi ma kan kawo jefi-jefi. Na tsakiya irin su Shark da Vax suna kai fam 150 zuwa 250. Dyson yana farawa daga wajen 250 ya haura 600. Kar ka juya shi zuwa naira, hawan jini za ka samu. Juya shi zuwa guminka. Bizar karatu awa 20 ta yarje maka ka yi aiki a mako in ana zangon karatu, mafi ƙarancin albashi kuma a Afrilun 2025 an sa shi fam 12.21 a awa ga wanda ya kai shekara 21. Wato a wancan lissafin mako guda cur bai kai fam 250 ba. Ashe injin fam 300 ya cinye maka mako ɗaya da ɗoriya, ga haya, ga rigar sanyi, ga kuɗin bas. Ni a ganina ɗalibin da ya sayi Dyson a watansa na farko ƙarya ce ke damunsa, ba ƙura ba. In ma za ka saya, ka jira ƙarshen Nuwamba, lokacin da shaguna ke karya farashi.

Na hannu kuma a yi hattara. Na farkon da na mallaka wurin wani mutum na saye shi ta intanet, ya kunna min a bakin ƙofarsa ya yi ƙara, na biya ina murna na yi tsintuwa. Da na zo gida minti 4 yake yi ya ɗauke. Batirin irin na wayar salula ne, yana tsufa, bayan 'yan shekaru ƙarfinsa ya ja baya, sabo kuma ya kusa kuɗin da na biya. Da a shago na saya, doka ta ba ni kwana 30 in mayar da abin da ya zo da matsala a ba ni kuɗina, amma ciniki tsakaninka da wani mutum ba ya cikin wannan. Duk wanda za ka saya, nemi wanda ake iya cire batirinsa a sa wani. Tsohon batir kuma ba a jefa shi a bola, yana tayar da gobara a motar kwasar shara, akwai wuraren da aka ware don karɓarsa.

Kula da shi ba wuya, in ban da abubuwan da mu ne ke yin su, Bature bai san da su ba. Kada ka zuƙi ruwa, ko na alwala ne da ya ɗiga a bakin banɗaki, wannan aikin mofa ne. Kada ka zuƙi tokar gawayin turaren wuta, ko kana ganin ta huce. Mai zafi za ta narka robar, mai sanyi ta toshe filta, haka ma garin tuwo ko fulawa in sun zube da yawa, fara kwashewa da hannu. Turaren ma ka manta da shi in a hostel za ka zauna, an hana, kuma na'urar jin hayaƙi za ta tara maka jama'ar bene gaba ɗaya a waje cikin sanyi. Filta a wanke ta da ruwan sanyi sau ɗaya a wata, a bar ta ta bushe awa 24. Na taɓa gajen haƙuri na mayar da ita da danshi, mako guda gidan yana warin tsohuwar safa. Gashi da zare kan nannaɗe buroshin, sai ka sa almakashi ka yanke. Kai da kanka ƙwal ne ba za ka sha wannan wahalar ba sai ka yi aure.

Ka tuna Hajiya na hana shara da dare, wai tana kawo tsiya? A nan ma haka ne, sai dai tsiyar daga maƙwabci take zuwa. Bangon gidajen ba kauri, ƙasan bene katako ne, kuma daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe lokacin shiru ne a doka. In azumi ya zo, kar ka ce za ka share ɓurɓushin sahur nan take.

Auta ta ce a kawo wa Hajiya irinsa. Wutarmu da tasu ɗaya ce, bolt 230, soket mai baki uku, zai yi caji lafiya in an kawo wuta. Batirin in ka cire shi a jakar hannu ake shiga jirgi da shi, ba a akwatin da za a auna ba. Amma a ɗakinta kaɗai zai yi aiki. Tsakar gidanmu da hazon Janairu sai dai tsintsiyar kwakwa.

Saboda haka kar ka sa komai a lissafi yanzu. Bari ka ga ɗakin tukuna. Hostel da yawa suna da inji ɗaya da ake karɓa-karɓa, gidan haya na haɗaka ma galibi za ka tarar da shi a ƙarƙashin bene, sababbin gine-ginen ɗalibai kuma wasu leda ce mai kama da katako, buroshi da mofa sun ishe ka. Tsintsiya ana sayar da ita a shagunan 'yan Afirka, gara ka cika gurbinta da kuka da yaji. Kilishi kam kar ka soma, an hana shigowa da nama, ƙwacewa za su yi a filin jirgi. In ka zo ka tarar kafet ne kuma babu inji a gidan, wanda na saya bayan wancan na minti 4 yana nan a sito, na sa masa sabon batir bara. Ranar da zan ɗauko ka zan jefa shi a but, in nuna maka inda ake kunnawa, Auta kuma ta shirya ganin bidiyonka. Turo min lambar jirgin da ranar sauka. Ka gaida Hajiya da Baba.