Ɗankwalina ba ya zama sai na matse kai, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Matsalata ɗankwali ba ya zama a kaina. Da na ɗaura, kafin awa guda ya zame baya, in yi ta gyara a gaban mutane. Shi ya sa nake jan sa da ƙarfi in ƙulle tam, amma kafin yamma kaina ya fara sarawa, kuma kwanan nan na lura gashin gaban goshina yana ja da baya. Ɗauri ɗaya kacal na iya. Don Allah ki koya mini wasu, ki kuma faɗa mini yadda zan yi ya zauna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Zan koya miki ɗaurin, amma bari mu fara da zamewar, domin ita ce uwar ciwon kan da zubewar gashin, kuma su biyun ne suka fi damuna a saƙonki. Abin da ke riƙe ɗankwali uku ne: inda kika aza shi, abin da ke ƙarƙashinsa, da irin yadin. In waɗannan suka daidaita, ƙulli ɗan taimako kawai yake yi. In ba su daidaita ba, ko kin ja har jijiyar goshi ta tashi, sai ya zame.

Sa hannu a bayan kanki yanzu, ki shafa daga tsakiyar kai zuwa wuya. Za ki ji wani ɗan tudun ƙashi, daga nan sai kan ya faɗa zuwa ƙeya. Wannan tudun shi ne mariƙin ɗankwali. Ƙullin da ya sauka ƙarƙashinsa ya sami inda zai maƙale. Wanda ya tsaya a samansa kuwa a kan gangare yake, duk sanda kika ɗaga gira, ko kika yi dariya, ko kika waiwaya, sai ya ƙara hawa. Kai ba miƙe yake kamar gwangwani ba, ta sama yake tsukewa, don haka duk abin da aka matse a wurin da ke tsukewa, sama zai yi ta gudu. Kin ga ke nan matsewar da kike yi ita ma tana cikin abin da ke tura shi.

Sai gashi. In kin tattara shi can tsakiyar kai kin yi masa tudu, yadin zai rataya a kan tudun, nauyinsa ya riƙa jan gaba zuwa baya. Ki sauko da shi ƙeya, ki ɗaure shi sako-sako. In kin shafa mai da safe, ki bari ya shiga kafin ki rufe, don gashi mai maiƙo da yadi mai santsi ba sa jituwa. Kada kuma ki rufe jiƙaƙƙen gashi, ya fi saurin karyewa, ga warin da yake kawowa. Daga nan ki nemi hular ciki mai talewa, ko siririn maɗauri na karammiski. Shi karammiski ki shafa shi da yatsa tukuna: ta gefe ɗaya sumul yake, ta ɗaya gefen yana turjewa. Ki sa shi yadda turjewar za ta tare ɗankwalin in ya nufi baya. Mata da yawa suna sa shi a juye, su ce ba ya aiki. In gashinki mai saurin bushewa ne, hular da cikinta satin ne, wajenta auduga, ita na fi so, domin auduga tana shanye danshin gashi tana kuma gogar sa, amma ita ce ke kama yadin da ke sama.

Game da yadi, ki koyi hannu da auduga ko yadi mai talewa, su ne masu haƙuri. Siliki da satin da shifon suna da kyau a ido, amma ba su zama sai da hular ciki. Ki duba girma kuma, don a nan mata da dama ke cutar kansu ba su sani ba. Zagayen kan babbar mace wajen santimita 55 ne. Kallabi mai kusurwa huɗu wanda kowane gefensa santimita 90 ne, in aka ninka shi daga kusurwa zuwa kusurwa, dogon bakinsa yana kai santimita 127, wato bayan ya zagaye kai akwai ragowar kusan 70 na ƙulli da ado. Ƙarami mai santimita 55 kuwa bakinsa 78 ne kawai, abin da zai rage bai fi tsawon tafin hannu da ɗan ƙari ba, dole ki ja da ƙarfi kafin bakin biyu su haɗu. Ina zargin naki ƙarami ne. Wannan ninkin na kusurwa zuwa kusurwa yana da wani amfanin: zaren saƙa a tsaye yake da kwance, ba ya talewa ta can, amma a karkace yadi yana ɗan miƙewa, sai ya rungumi kai ba tare da ya shaƙe shi ba.

To ga ɗaurin farko, wanda sauran duk 'ya'yansa ne. Ninka kallabin ya zama mai kusurwa uku. Ƙara lanƙwasa dogon bakin ciki kamar faɗin yatsa biyu, wannan ninkin shi ke ba gaban ɗauri tsari, ya hana shi yin laɓo-laɓo. Aza shi a kan fatar goshi, ƙasa kaɗan da inda gashi ya fara, kada ya hau kan ƙananan gashin nan na gaba. Kai baki biyun baya ta saman kunne, ko rabin kunne in hakan ya fi miki, ki sauke su ƙarƙashin tudun da muka ambata. Ƙulla dama a kan hagu, sannan hagu a kan dama. Ki kiyaye wannan sosai. In kika yi dama kan hagu sau biyu, ƙullin zai karkace ya riƙa kwancewa da kansa, amma in kika sauya hannu a karo na biyu, zai kwanta shafe, ya riƙe ko a siliki, kuma ba zai danne miki ƙeya ba in kin jingina. Jelar da ta rage ki bar ta ta sauka, ko ki naɗe ta ki cusa ƙarƙashin ƙullin.

In kin iya wannan, juya shi kawai za ki yi ki sami ɗaurin gaba. Sunkuyar da kai, aza dogon bakin a ƙeya, kawo baki biyun gaba ki ƙulla a saman goshi, jelar tana ƙarƙashin ƙullin. Ɗaga jelar ki rufe ƙullin da ita, ki cusa ragowar gefe da gefe. Wannan yana ƙara wa fuska tsawo, shi ya sa yake yi wa mai zagayayyar fuska kyau. Mai doguwar fuska gara ta kwantar da saman, ta kai adon gefe. Amma kada ki ɗauki wannan a matsayin doka, madubinki ya fi ni sanin fuskarki.

Ɗaurin da na fi ƙauna shi ne na murɗi, kuma yana son dogon yadi, kamar santimita 180 a tsawo, 70 a faɗi. Aza tsakiyarsa a goshi, kai baki biyun ƙeya ki gicciya su ba tare da ƙulli ba. Murɗa kowanne kamar igiya, duk ta fuska ɗaya, ki zagayo da su saman kai ɗaya bayan ɗaya, ki cusa ƙarshensu ƙarƙashin murɗin. Babu ƙulli ko ɗaya a cikinsa, nauyin ya bazu ko'ina a kai, babu wuri guda da ke ɗauke da shi. Ga mai fama da ciwon kai irinki, da shi zan ce ki fara. In kina son ado, haɗa baki biyun a gefen kunne, ki murɗe su tare, ki naɗe kamar gammo, sai ya fito kamar fure.

Akwai kuma na ƙarƙashin haɓa, wanda aka san marigayiya Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta Ingila da shi: mai kusurwa uku a kai, baki biyu a ƙulle a haɓa. Ranar iska babu kamarsa, musamman in kika gicciya bakin a haɓa kika ƙulle su a bayan wuya. In kuwa gyale za ki yafa ya rufe wuya da ƙirji, bar gefe ɗaya gajere, ɗaya dogo, haɗa su a ƙarƙashin haɓa da fil, ki zagayo da dogon ta bayan kai ki kafe shi a gefe. Ki bar sarari a haɓa yadda za ki buɗe baki ki yi hamma ba tare da ya ja ba.

Tunda na ambaci fil, ina roƙonki, kada ki taɓa riƙe shi a baki. Na sha ganin mace a gaban madubi, hannu biyu a kai, haɓa a ɗage, fil uku tsakanin leɓɓa, ana yi mata magana tana amsawa da hanci. Tari ɗaya ko dariya ɗaya ta isa ta zuƙe shi zuwa huhu, kuma likitoci a Turkiyya da ƙasashen Larabawa sun rubuta rahotanni da yawa kan 'yan matan da aka ciro wa irin wannan fil da na'ura. Soka fil ɗin a jikin hannun rigarki ko a wani ɗan ƙyalle. Masu maganaɗisu sun fi sauƙi kuma ba sa huda yadi, sai dai a ɓoye su daga yara, haɗiye su babban haɗari ne. Haka dogon baki mai lilo: in za ki hau babur ko ki tsaya kusa da inji ko wuta, cusa shi ciki. Shahararriyar mai rawa 'yar Amurka, Isadora Duncan, a 1927 a birnin Nice na Faransa, dogon gyalenta ne ya naɗe a tayar motar da take ciki, ya yi ajalinta.

Mu koma kan kanki. Ciwon da kike ji irin wanda matsi daga waje ke kawowa ne, kuma alamarsa ita ce yana lafawa cikin awa guda bayan an kwance ɗauri. In kin kwance bai tafi ba, ko yana zuwa ko ba ki ɗaura komai ba, wannan ba na ɗankwali ba ne, ki ga likita. Gashin goshi kuma, jan da ake yi masa kullum a wuri ɗaya ne ke gajiyar da saiwarsa. Tun 1907 aka fara rubuta wannan matsala, a kan matan tsibirin Girinlan, can arewacin duniya, masu ɗaure gashi tamau, don haka ba ke kaɗai ba ce, ba kuma sabon abu ba ne. Da wuri, in aka daina jan, gashin yana dawowa. In aka ɗauki shekaru, saiwar kan mutu, wurin ya yi sumul yana sheƙi, daga nan ba mai da zai tsirar da shi. Ki duba ko kitsonki ma yana da tsauri, don sau da yawa su biyun ne ke haɗuwa a kan gashi ɗaya. Ki riƙa sauya inda bakin ɗankwalin ke zama, yau ƙasa kaɗan, gobe sama kaɗan, ki kuma kwance shi in kin sami sarari, kan ya sha iska. Gashi wajen santimita ɗaya yake tsirowa a wata, saboda haka ki ba shi wata uku zuwa huɗu. Ɗauki hoton goshinki yau, ki kwatanta da na lokacin. In babu canji, ko kin ga ƙuraje da ja a wurin, ki je wa likitan fata, kada ki jira.

Gobe da safe in kin ɗaura, zura yatsa biyu tsakanin yadin da goshinki. In ba su shiga ba, kwance ki sake. In sun shiga, sunkuya kamar za ki ɗauki abu a ƙasa, ki girgiza kai sau biyu. Ya motsa? Kada ki ƙara ja, sauke ƙullin ƙasa da tudun ƙeya. Da yamma kuma in kin cire, duba madubi: bai kamata ki ga layi kwance a goshinki ba.