Ku Tambaya Mu Amsa: Wa ya ƙera wannan abin kiɗa mai bututu?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ni kafinta ne a nan Tawa. Ƙanena da ke karatu a Yamai ya turo min bidiyo a WhatsApp na wani abin kiɗa a cikin cocin Jamus, bututu ne jere har kusan rufin ɗaki, ya ce wai ya haura shekara 300. To lokacin ai babu kuran, da me yake tashi, kuma wa ke ƙera irin wannan?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka gani ogan ake ce masa, kuma iska ce ke tada shi. Ka san zuga-zugin maƙera ko? To irinsa ne amma manya-manya, wasu ƙarti ke tsayawa a baya suna takawa, iskar ta taru a akwatin katako, makaɗi na danna madanni sai ƙofa ta buɗe iska ta shige bututu ya yi kuka kamar sarewa. Dogo muryarsa kauri, gajere siririya. Makaɗin ma har da ƙafa yake kiɗa.

Maƙeran suna da yawa, amma bari in ba ka labarin ɗaya tunda ɗan gidanku ne, ubansa kafinta ne. Sunansa Gottfried Silbermann, an haife shi 1683 a wani ɗan ƙauye kusa da Frauenstein a yankin Saksoni na Jamus. Wajen yayansa Andreas ya koyi sana'a a Strasbourg ta ƙasar Faransa, ya zauna ƙarƙashinsa shekaru kamar yadda yaran shagonka ke zama gabanka, a 1710 ya koma gida. Bai ma cika shekara 30 ba aka damƙa masa aikin babban cocin Freiberg, garin masu haƙar azurfa, ya gama a 1714, layin madanni 3, muryoyi iri 44, kuma har yau ana kaɗa shi. Ni dai duk cikin labarin nan abin da ya fi ba ni mamaki ke nan, mutum guda sai ya iya aikin katako, ya iya narka kuza da dalma ya zuba su falle-falle ya naɗe su bututu, ya san fatar da za ta riƙe iska, sannan ya bi bututun nan ɗaya bayan ɗaya da kunne yana gyara bakinsu har muryar ta zauna. Ogan wajen 50 ya yi a rayuwarsa, kusan 30 na nan.

Amma fa mutumin akwai zuciya. Da ya fara ƙera fiyano, wani abin kiɗa mai madanni da ba ya amfani da iska, ya nuna wa Johann Sebastian Bach, babban makaɗin zamanin, shi kuwa Bach bai ɓoye ba ya ce madannan sun yi nauyi, muryar sama kuma ba ƙarfi. Silbermann ya ji haushi sosai, ya daɗe yana fushi, amma a ɓoye ya koma ya yi ta gyara har Bach ya yaba daga baya, a 1747 ma ya kaɗa irinsu a fadar Sarki Frederick a Potsdam. Silbermann ya kuma yi rigima da yaronsa Zacharias Hildebrandt da ya buɗe nasa wurin, ka san dai halin ubangida in yaro ya fara karɓar aiki.

Ogan ɗin da ya ƙera wa cocin Frauenkirche a birnin Dresden, wanda ya gama 1736 Bach ya kaɗa shi a shekarar, ya hallaka a ruwan bama-baman Fabrairun 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu. Na ƙarshensa a cocin Katolika na fadar Dresden ne, bai ga ƙarshensa ba don ya rasu 1753, yaransa suka kammala 1755. Shi wannan bututunsa sun tsira saboda an kwashe su an ɓoye wajen gari kafin harin. Ka tambayi ƙanen naka sunan garin da ke bidiyon, in ya ce Freiberg to wataƙila aikin ɗan kafintan nan ka gani.