In ciwo ya kwantar da ni, wa zai riƙe min shago da asusun banki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, na haura sittin, ga hawan jini ga suga. Bara maƙocin shagona ya samu shanyewar ɓarin jiki har baki ya ƙi, kuɗinsa na nan jibge a banki amma iyalinsa sai rance suka yi ta ci suna sayen magani don ba mai ikon cirewa. Matana biyu, kuma so nake babban ɗana ya riƙe harkokina in irin haka ta same ni. Na riga na rubuta wasiyya, ta wadatar? Daga wani Alhaji, Kurna.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, shi ma maƙocin naka Allah ya tashi kafaɗunsa. Gaskiya ba ta wadatar ba, wasiyya ba ta motsi sai rai ya yi halinsa, kai kuma maganar wanda ke kwance da ransa kake yi. Abin da kake nema takardar wakilci ce, lauya ya rubuta, ka sa hannu gaban shaidu, in so samu ne gaban lauya mai hatimin notari ko majistare don kar gobe wani ya ce ba hannunka ba ne. A zayyana komai dalla-dalla, karɓar kuɗin haya, biyan yaran shago, sayen kaya, kuɗin asibiti, sannan a rubuta abin da ba ka yarda ya taɓa ba, musamman sayar da gida ko fili. In ta shafi ƙasa sai an biya kuɗin hatimi an yi mata rajista a ofishin ƙasa na jiha, kuma ka sani ba ta mayar da shi mai gidan, wakili ne kawai.

To amma ga inda gizo ke saƙar, kuma da yawa sai abu ya faru suke ganewa. In jiki ne ya gaza hankali na nan, takardar na aiki sumul. In kuwa hankalin ne ya gushe, ko mantuwar tsufa ta yi nisa, a dokar da muka gada wajen Turawan Ingila wakilcin yau da kullum faɗuwa yake yi, wato daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, banki ma da zarar sun samu labari suna iya dakatar da asusun. Su can Ingila sun toshe wannan ramin tun da dokar 1985, wadda ta 2005 ta maye gurbinta, suka ba mutum damar naɗa wakilin da zai ci gaba ko bayan hankali ya tafi, mu kar ka ɗauka takardarka za ta yi wannan aikin haka kawai. A fiƙihu ma malamai da dama sun ce wakilci na warwarewa da gushewar hankali, al'amarin ya koma hannun alƙali ya naɗa mai kula da dukiyar. Shi ya sa nake ganin ka sa a rubuta ƙarara cewa in an kai ga haka ɗanka wane kake so kotu ta naɗa, alƙali ne mai hukunci amma zai ga abin da ka zaɓa da hankalinka.

Shagon kuwa, in da hali ka yi masa rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, ba ta sunan kasuwanci kaɗai ba, ka sa ɗan naka darakta mai sa hannu a asusun kamfanin. Kamfani a doka mutum ne mai zaman kansa, ciwon darakta ɗaya ba ya tsayar da shi. Wannan ya fi a miƙa wa yaro katin ATM da lambar sirri a gadon asibiti, wanda shi kowa ke yi, kuma shi ke jawo zargi daga baya.

Sai maganar gida mai ɗaki biyu, Alhaji kar ka yi abin nan a ɓoye. Tara matan da manyan 'ya'yan, ka kira ƙaninka ko limamin unguwa, a karanta takardar kowa ya ji, kowane ɗaki ya riƙe kwafi. Ka sharɗanta wa wakilin ya buɗe littafin shiga da fita, ya ajiye rasit, wani daga ɗayan ɗakin ya riƙa dubawa duk wata, kuma a sa sunan wanda zai maye gurbinsa in shi ma ya yi tafiya ko ya kwanta.