Tambaya da Amsa: Me ya sa kwanuka ke mannewa a kan sabuwar kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Makonni uku da suka wuce muka yi wa 'yata jere a Ƙofar Ƙaura. Kafinta ya haɗa mana kantar katako mai hawa huɗu, ya shafe ta da farin fentin mai ana saura kwana biyu jere, kuma da na taɓa na ji ta bushe sarai. Da amarya ta zo ɗaga tangaran domin ta goge ƙura, sai ta tarar duk sun kama katakon, har wata kula ta taso da fenti a gindinta. Yaya za mu gyara wannan, kuma me zan kiyaye, tunda bikin ƙanwarta yana tafe a watan Agusta? Daga wata uwa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Abin da ya faru shi ne yatsa ya ruɗe ki, domin bushewar fuskar fenti daban ce da ƙarfin da yake yi har can ciki. Fentin mai yakan daina kama hannu cikin awa shida zuwa takwas, amma abin da ya bushe a lokacin wata 'yar fata ce kawai a sama, kamar wadda kunu ke yi idan ya huce, ƙarƙashinta kuwa yana nan da taushi. Irin wannan fenti da iska yake ƙanƙara, sannu a hankali, kuma yakan ɗauki mako guda ko fiye kafin ya iya ɗaukar nauyi. Fentin ruwa ya fi saurin shan iska, amma shi ya fi yaudara, domin yakan kai makonni uku zuwa huɗu kafin ya gama yin ƙarfi. Da aka ɗora tangaran a kwana na biyu, nauyinsu ya danne su cikin fentin, gindinsu kuma ya toshe wa wurin iska.

Ba na son a ɗora wa kafinta laifin duka, domin mu ne muke tsaya masa a ka da cewa gobe 'yan jere za su zo. Sai dai akwai abubuwa biyu da ya dace ki tambaye shi. Na farko, ko ya yi shafi ɗaya mai kauri ne domin ya huta, maimakon biyu marasa kauri da kwana guda a tsakaninsu. Shafi mai kauri yana iya yin wata guda cikinsa bai bushe ba. Na biyu, da me ya sirka fentin, domin wasu masu fenti sukan zuba kalanzir a madadin tina saboda araha, kuma kalanzir yana jinkirin tashi, sai ya bar fentin da danƙo. Katakon da bai gama bushewa ba shi ma yana jawo haka.

Game da gyara, a sauke komai daga kantar, a buɗe taga, a kunna fanka idan da wuta, a bar ta mako guda. Bayan haka a danna farce a wani lungu da ido ba ya kaiwa: idan farcen ya bar shaida, ko kuma aka sa hanci aka ji warin fenti sosai, to da sauranta. Idan danƙon kaɗan ne ya rage, a barbaɗa hodar jarirai a goge da tsumma mai laushi, ko a murza kakin kyandir sama-sama. Wuraren da fentin ya ɓantare kuwa sai an goge su da sanfefa mai laushi an sake shafi maras kauri. Idan har bayan wata guda fentin yana nan kamar cingam, ƙara wani a kansa ɓarnar kuɗi ce, sai dai a kankare shi a sake daga fari.

Bikin Agusta ne ya fi damuna, domin shi ne tsakiyar damina a Katsina, lokacin da iska ke cike da laima kuma fenti ke ninka kwanakin bushewarsa. Shawarata ita ce a gama fentin kantar tun wata guda kafin jere, a ajiye ta a ɗaki mai iska wanda feshin ruwa ba ya shiga, a kuma ware hawa-hawan idan ana iya cire su, kada a jibga wani kan wani, saboda fuska biyu masu sabon fenti sun fi komai kama juna. Kada a kai ta rana tsaka da nufin gaggawa. Zafi yana ƙara busar da saman ne ya kulle na ciki.

Idan lokaci ya ƙure duk da haka, a shimfiɗa takardar gashin kek a kowane hawa kafin a jera kaya, a fara da marasa nauyi, kuma amarya ta riƙa ɗan gusar da su kowace safiya. A guji jarida, domin tawadarta tana zama a kan farin fenti, ita kanta takardar tana mannewa. A guji leda da shimfiɗar roba ma, haka nan kuloli da bulanda masu ƙafafun roba, waɗanda su ne suka fi cin fenti. Irin waɗannan a bar su cikin kwalayensu a ƙarƙashin gado har sai farce ya daina barin shaida a jikin kantar.