Amsa: saita faifan kwamfuta da hdparm lokacin da take tashi

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce tsofaffin kwamfutocin shagonka na buga takardu a Ringim suna kan Ubuntu, faifan ɗaya yana ƙas-ƙas a kai a kai, kuma wani ya ba ka dogon layin hdparm (manhajar saita faifai a Linux) ya ce ka sa ya riƙa aiki duk sanda na'urar ta tashi. Dakata tukuna.

Idan a layin akwai -d1, -X ko -m, goge su. Na zamanin faifan IDE ne. Linux na yanzu shi ke zaɓar DMA (hanyar jigilar bayanai tsakanin faifai da ƙwaƙwalwar na'ura) da gudun da ya dace da kansa, kuma -X ko -m da aka sa ba daidai ba suna iya lalata bayanai. Uku kawai suka shafe ka: -B, -S da -W.

Fara da sudo hdparm -I /dev/sda ka ga abin da faifan ya yarda da shi. Sannan sudo smartctl -a /dev/sda, wanda ke nuna lafiyar faifan, ka duba layin da ya fara da lamba 193. Shi ke ƙirga sau nawa allurar faifan ta koma mazauninta, kuma yawanci wannan komawar ce ƙarar da kake ji. Masu ƙerawa kan ce faifai zai jure komawa sau 300,000 ko 600,000. Rubuta lambar, ka sake dubawa bayan awa ɗaya. In ta haura da yawa, sai -B, mai saita tanadin wutar faifan. Daga 1 zuwa 127 faifan na iya tsayawa da juyi, daga 128 zuwa 254 ba zai tsaya ba, 255 kuma na kashe tsarin tanadin wutar gaba ɗaya, amma ba kowane faifai ke karɓarsa ba. Sa 254. Sai dai zai ɗan ƙara ɗumi, ga kuma zafin Afrilu da Mayu na wajenmu, don haka ka riƙa leƙa layi mai lamba 194, na zafin faifan. In ya doshi digiri 50, busa ƙurar akwatin ka duba fanka. Idan kuwa layi mai lamba 5 ko 197, masu ƙirga wuraren da suka lalace a faifan, ba sifili ba ne, wannan ba maganar saiti ba ce, kwashe takardun mutane ka nemi wani faifan.

-S, wato lokacin da faifai zai jira ba aiki kafin ya daina juyi, ana yawan kuskure a kansa. Daga 1 zuwa 240 ninki ne na daƙiƙa 5, wato 120 minti 10 ke nan, 241 kuma minti 30. Faifan da Ubuntu ke kansa bar shi a 0, wato a kashe.

-W0 na kashe ɗan ma'ajin da faifai ke tara rubutu kafin ya sauke. Inda janareta ke mutuwa ba sallama yana rage asara, amma rubutu zai yi nawa sosai, kuma ext4, tsarin ajiyar fayil na Ubuntu, dama yana tilasta wa faifan saukewa a kan kari. A ganina ƙaramin UPS ya fi wannan amfani nesa ba kusa ba.

Yanzu maganar tashi. Gwada kowane saiti da hannu, ɗaya bayan ɗaya, ka yi wuni kana aiki. Yawancinsu suna gogewa da an kashe wuta, to in wani ya kawo matsala, kashewa da kunnawa ya wadatar. Da ka sa shi a tashi kuwa, kullum sai ya dawo. Shi ya sa ka ajiye filashin Ubuntu kusa, don ka shiga ka goge layin in na'urar ta ƙi tashi.

Wanda ya yi daidai, rubuta shi a /etc/hdparm.conf, kamar apm = 254 da spindown_time = 0 a cikin sashen faifan. Kada ka kira faifan da /dev/sda, domin in an tashi da filashi ko faifai na biyu a jiki sunan na iya komawa kan wani. Yi ls -l /dev/disk/by-id ka ɗauki cikakken sunan mai lambar faifan. Bayan ka sake kunnawa, buga sudo hdparm -B a kansa ka tabbatar 254 ta zauna, ka kuma duba bayan na'urar ta farka daga barci, don wasu faifan suna mantawa a nan.