Ƙanwata, ga amsar tambayarki kan keke a Berlin

Assalamu alaikum ƙanwata. Na ga saƙonki, Allah ya sanya albarka a gurbin karatun nan. Kin ce an gaya miki zaman Berlin sai da keke, ke kuwa ba ki taɓa hawa ba, har kina fargabar kada mace mai hijabi a kan keke ta zama abin kallo.

Ba dole ba ne. Ga jiragen ƙasa, ga bas, kuma yawancin jami'o'i suna haɗa kuɗin tikiti cikin kuɗin zango. Amma in dai shawarata kike nema, ki koya. Zancen abin kallo kuwa ki bar shi a gida. A nan tsohuwa mai furfura da keke take zuwa cefane, farfesanki ma da shi zai zo aji, ba mai ɗaga kai ya dube ki.

Akwai wata ƙungiya mai suna #BIKEYGEES, wadda ta fara aiki a 2015, shekarar da 'yan gudun hijira suka yi ta kwararowa Jamus. Mata ne ke koya wa mata, kyauta, a filin da babu motoci. Ɗaya ta riƙe ki ta dama, ɗaya ta hagu, suna binki da sassarfa har ƙafafunki su saba da feda. Da yawan masu koyon sun girme ki, wasu da 'ya'yansu suke zuwa.

In kin tashi saye, gwanjo za ki nema, amma kada ki biya sai da takardar ciniki mai ɗauke da lambar da aka buga a jikin ƙarfen keken, domin satar keke ta yi yawa a garin nan. Ki zaɓi na mata, wanda ba shi da sanda a tsakiya, mai murfi a kan sarƙa. Abaya da sarƙar keke ba sa ga maciji: bakin rigar kan naɗe cikin haƙori, ki tashi da baƙin mai da yagaggen tufafi. Kwaɗo kuma kada ki yi masa rowa.

Nan ba kamar gida ba ne da za ki samu mai faci a gindin kowace bishiya, kuma kuɗin aikin hannu a shago na da tsada. Shi ya sa 'yan unguwa da ƙungiyoyin ɗalibai suke buɗe garejin gyara-da-kanka. Za a ba ki sifana da famfo, ɗan sa-kai ya tsaya a kanki yana nuna miki yadda ake tsoma tif a ruwa a nemo inda iska ke fita, amma ba zai karɓi aikin daga hannunki ba. In kin gama ki jefa abin da ya sawwaƙa a gwangwanin gudummawa. Ni a ganina Jamusancin da za ki tsinta a wurin ya fi na aji saurin zama a baki, saboda Bajamushen da ba zai kula ki a jirgi ba, a kan birki sai ya yi rabin awa yana zuba.

Da yawa daga cikin hanyoyin keken da za ki tarar, mutanen gari ne suka matsa aka yi su. Babbar ƙungiyar mahaya keke ta ƙasar, ADFC, an kafa ta a Bremen a 1979, yanzu mambobinta sun haura 200,000. A 2016 wasu 'yan sa-kai a Berlin suka fita neman sa hannun jama'a don tilasta wa gwamnatin birnin yin doka. Sa hannu 20,000 ake bukata, cikin makonni kaɗan suka tara sama da 100,000, kuma a 2018 majalisar birnin ta zartar da dokar zirga-zirga da ta tanadi hanyoyin keke masu kariya. Aiwatarwa dai tana tafiyar hawainiya, har yau ana ta jayayya da masu motoci a kan wurin ajiye mota. Idan kika ga keke an shafe shi da farin fenti an ɗaure a bakin mahaɗa, alama ce wani mahayi ya rasa ransa a wurin. Ki yi hattara da manyan motoci masu karya kwana zuwa dama, direba ba lallai ya hango ki ba.

Juma'ar ƙarshen kowane wata da yamma akwai Critical Mass, gangamin mahaya keke da ya samo asali a San Francisco a 1992. Dokar hanya ta Jamus ta yarda mahaya fiye da 15 su tafi a matsayin ayari guda, to da wannan suke cika titi. Kada ki shiga sai hannunki ya faɗa.

Tara kuwa ba sani ba sabo: tsallake jar danja Yuro 60 ne zuwa sama, riƙe waya kina tuƙi Yuro 55. Ki tabbatar fitilar gaba da ta baya suna aiki, don a Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara. Safar hannu mai kauri a nan za ki saya, kada ki cika akwatinki da ita. Ki gaishe min da Umma.