Kakana ɗan ƙwadago ne mai tseren keke, ina zan samo tarihinsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina ya tsufa, yana kwance, kullum maganarsa ita ce mahaifinsa da ya rasu ya bar shi yana ƙarami. Abin da muka sani kaɗan ne: ɗan ƙwadago ne a gonakin auduga a ƙasar Soba, kuma an ce ba a wuce shi a tseren keke in ana wasan salla. Ko hotonsa ba mu da shi. Wani mutum ya ce in na ba shi kafin alƙalami zai fito mini da fayil ɗinsa daga gidan adana takardun tarihi, har da salsalar da ta nuna jinin sarauta ne. Ina tsoron Baba ya cika ban kai masa komai ba, ina kuma tsoron a cuce ni. Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kada ki ba mutumin nan ko sisi, domin fayil ɗin da yake faɗa babu shi.

Kusan kullum sai an zo mini da wannan zato, cewa akwai wani ɗaki a Kaduna da Turawa suka ajiye wa kowane mutum fayil, in ka biya a zaro maka na kakanka. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke titin Yakubu Gowon yana da dukiya mai yawa: takardun sakatariyar Jihar Arewa masu lambar SNP, da na Lardin Zazzau masu lambar ZARPROF, da rahotannin da Di'o-Di'o suka rubuta sa'ad da suke zagayen ƙiyasta haraji. Amma mulki ne ya rubuta su don amfanin mulki. Za ki ga sunan hakimi da dagaci da alƙali, da yawan magidanta a ƙauye, da abin da aka noma, da jimillar harajin da aka tara. Shi kuwa mutumin da ya wuni yana huɗa a gonar wani, aka sallame shi da la'asar, a cikin jimillar nan yake, ba suna. Jerin sunayen masu biyan haraji galibi a hannun dagaci da malamin hakimi ya tsaya, kuma na sha ganin inda aka jibge irinsu a ɗakin da ke yoyo har gara ta gama da su, ba wanda ya damu. Takardar haihuwa kada ma ki sa rai, dokar da ake aiki da ita ta tilasta rajistar haihuwa da mutuwa ta 1992 ce. Ƙidayar 1952 da ta 1963 alƙaluma suka fitar, ba su bar wa jikoki jerin sunaye ba.

'Yan damfara sun san wannan sarai, sun kuma san yadda sunayenmu suke. A ƙasar Soba kaɗai Garba nawa aka yi, Audu nawa? Mutum ɗaya a gida ana kiransa Tanko, a makarantar allo Abubakar, a wurin cin rani a laƙaba masa sunan garinsu, abokan keke kuma su sa masa nasu. To sai mai cin kuɗinki ya buɗe kowace takarda, ya tsinci wani Garba ɗan dagaci, ya ɗauki hotonta da waya, ya ce ga kakanki. In bai samu ba ya shiga shagon kwamfuta a buga masa, a sa hatimi. Daga nan a ja zare a kai ki gidan Mallawa ko Barebari ko Katsinawa ko Sulluɓawa, wanda duk kika fi so cikin gidajen sarautar Zazzau. In kuɗin sun yi kauri har sharifiya za a mai da ke.

Da a bango kawai ake rataye takardar da da sauƙi. Tana shiga gida sai ta zama hujja. Gobe ɗan'uwanki ya ɗauke ta ya je neman gona a ƙauyen da ba na kakansa ba, ko ya nemi shaidar asalin ƙaramar hukuma da ita, ko a fito da ita ranar rabon gado, zumuncin shekaru ya watse a gaban alƙali. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, kakan na gaskiya ya ɓace ke nan. Jikokinki za su haddace sunan baƙo, shi kuma wanda ya ci rana a gonar mutane don ya ciyar da mahaifinki ba mai ambatonsa ko a addu'a. Me ya sa muke jin kunyar ƙwadago? Audugar da aka gurza a injinan Zariya da Funtuwa aka loda a jirgin ƙasa, hannun irin kakanki ne ya cire ta. Allah ya ce a cikin Suratul Ahzab a kira mutane da sunan ubanninsu, kuma hadisi ya inganta a Buhari da Muslim cewa wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane, Aljanna ta haramta gare shi. Wannan ba ƙaramar magana ba ce da za a saye ta da kafin alƙalami.

Yanzu ga inda kakanki yake. Fara da Baba yau ɗin nan, ki kunna rikoda a waya, ki bar shi ya yi ta zuba ko da yana maimaitawa. Sannan ki shirya zuwa ƙauyen da goronki, ki fara gaida mai unguwa, amma ki fi daɗewa a ɗakin tsofaffin mata, gwaggo da inna da duk wadda aka auro gidan, su ne ke riƙe da wa ya haifi wa. Kada ki ce musu wace shekara. Ki ce, zamanin wane sarki? Ja'afaru ya yi sarautar Zazzau daga 1937 zuwa 1959, Muhammadu Aminu ya gaje shi har 1975, sai Shehu Idris. Ya ga zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna a 1956? Yana raye aka kashe Sardauna a 1966, aka koma tuƙi hannun dama a 1972, aka canza fam zuwa naira a 1973? Da haka za ki tsare shekarunsa tsakanin iyaka biyu. Ki tambaya a gonar wa ya yi aiki, jinga yake karɓa ko na wuni, ko bara ne a gandun wani maigida, domin zuriyar maigidan sau da yawa sun fi danginsa tuna shi.

Ki roƙa a buɗe tsohuwar adaka da gwangwanayen da ke ƙarƙashin gado. Talaka yana adana rasit ɗin haraji kamar laya, don shi ake tambayarsa a hanya in ya fita cin rani, kuma an ci gaba da karɓar haraji har 1979 da Balarabe Musa ya soke shi tare da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna. Rasit guda zai ba ki sunan da hukuma ta san shi da shi, da ƙauye, da shekara. In an taɓa raba gadonsa ko ya yi shari'ar bashi, littafin alƙalin yankin zai iya ɗauke da shi, sai ki nemi mai karanta Larabci da ajami.

Keken nan kuwa shi ne babbar sa'arki, domin 'yan ƙwadago dubbai ne, amma wanda ba a wucewa a tsere ƙauye ba ya manta shi. Ki nemi tsohon mai gyaran keke a bakin kasuwa, da waɗanda suka taɓa ba da haya. Ki tambaya Raleigh ce ko wata, sabuwa ya saya bayan kakar auduga ko ta hannu, ko ma ta maigidansa yake hawa. A wancan zamani En'e, wato hukumar gargajiya, tana yanka wa keke lasin, a ba da ɗan ƙarfe mai lamba a ɗaura a jiki, irinsa kan saura a cikin tarkace. Ki tambayi daga ina zuwa ina ake tseren, me ake ba wanda ya ci, wane kirari ake masa, domin kirari yakan riƙe sunan uba da na gari.

Sai kin haɗa suna da laƙabi da ƙauye da kimanin shekaru sannan takardun Kaduna za su yi miki amfani. Ki je da kanki, ki nemi rahotannin gundumar Soba don ki ga yadda ƙauyen yake a zamaninsa. Ki leƙa Gidan Arewa a titin Rabah, wanda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ki nemi tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, ki bi makonnin bayan salla shafi-shafi ko wani wakili ya aiko da labarin tseren. Ki riƙe katin shaida da littafin rubutu, ki rubuta lambar kowane fayil da kika buɗe, kuma duk kuɗin da aka ce ki biya ki karɓi rasit.